Haƙorin Da Na Hana Sista Rahila Liƙewa

A wannan watan ne Sista Rahila ta cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Sai da na ƙirga da yatsu har sau biyu, domin a raina kamar bara ne na tsaya a ƙofar gidansu da ke Sabon Gari ina kallon 'yan cocinsu suna jera kujerun zaman makoki. Ba shahararriya ba ce, ba a taɓa buga hotonta a jarida ba, kuma da tana raye ta ji ina shirin rubuta sunanta a nan, da ta ce, “Malama Falmata, ba ki da aikin yi ne?” To, yanzu kam ba ni da shi, na yi ritaya daga koyarwa. Kuma akwai wani laifi da na yi, wanda ita ta gani da idonta, amma har ta bar duniya ban amsa shi a gabanta ba.

Rahila 'yar wani ƙauye ce kusa da Zariya, mahaifinta manomi ne. Aiki ne ya kawo ta Kano, sashen haƙori na wani asibitin gwamnati da ke Fagge. Ba likita ba ce, kuma in ka kira ta likita sai ta gyara maka, ko da kuwa bakinka a buɗe yake ba ka da halin ba ta amsa. Ni kuwa kakannina daga Barno suka zo, a Fagge aka haife ni, ina koyarwa a wata firamare a Rijiyar Lemo. Ciwon haƙori ne ya haɗa mu. Na yi sati biyu ina cusa kanumfari da tafarnuwa a kogon haƙorina kafin na je wurinta da kumburarren kunci. Ta leƙa bakina, ta ja da baya, ta tambaye ni ko miya nake haɗawa a ciki. Na ji haushi ƙwarai, na yi niyyar ba zan sake komawa ba. Bayan wata guda sai ga ni a falonta na kai mata turaren wuta, ita kuma tana auna mini garin masarar da aka aiko mata daga gida.

Cire haƙori shi ne abin da ta fi yi a asibiti, kuma shi ne abin da ta fi tsana. Takan ce mutanenmu ba sa zuwa sai haƙori ya gama mutuwa, ita kuma a mayar da ita mai binnewa. Abin da ranta yake so shi ne wani ɗan aiki da take kira liƙi. Ga yadda ta fahimtar da ni. Idan yaro ya kai kamar shekara shida, wani babban haƙorin tauna yakan fito masa can ƙurya, sama da ƙasa, hagu da dama. Ba ya jiran famfara, babu haƙorin da yake faɗuwa ya ba shi wuri, shi ya sa iyaye suke ɗauka haƙorin yarinta ne da zai faɗi a sami wani. Alhali shi ke nan, da shi mutum zai tauna tuwonsa har tsufa. Samansa kuma yana da 'yan tsagogi sirara waɗanda bakin aswaki da gashin buroshi ba sa kai wa ƙarshensu. A nan abinci yake maƙalewa, a nan ruɓewa take farawa. Liƙi shi ne a cike tsagogin nan da wani farin haɗi tun haƙorin yana da lafiyarsa, babu allura, babu huji. Ta ce kamar yaɓen soro ne, kafin damina ake yin sa. Ba ta taɓa cewa yana maye gurbin wanke baki ba, kuma takan so a dawo mata da yaro lokaci-lokaci ta duba ko ya ɓamɓare.

Wata shekara aka kawo musu 'yan kwalaben haɗin nan a asibiti, irin wanda ba ya buƙatar wutar lantarki, suka zauna a kabad domin babu mai kawo yaron da ba ya kuka. Sai ta ce mini, tunda yaran ba za su zo ba, ita za ta je. Ni na shawo kan hedimasta, ni na bi iyaye gida-gida. A lokacin mutane suna ɗari-ɗari da duk wani mai farin kaya da ya tunkari 'ya'yansu, ga shi kuma Kirista ce daga Sabon Gari. Maganata ce ta zama jinginarta, domin ni 'yar unguwa ce, an san gidanmu. Na tuna wani Alhaji mai sayar da atamfa, yana magana haƙorin Makka yana walƙiya a bakinsa, ya ce shi bai ga dalilin taɓa lafiyayyen haƙori ba. Rahila ta ce, “Alhaji, wannan na zinaren, ciwo yake yi aka rufe shi?” Ya yi dariya har da tafawa, ya ce ta ci gari. Sai kuma ya juyo gare ni ya ce, “To Malama, ke taki 'yar an yi mata?” Na sunkuyar da kai na ce tana layi.

Ranar Alhamis take zuwa, a kan acaɓa, da akwatinta a cinya. Mukan fito da benci baranda saboda haske. Yaro ya kwanta, kansa a cinyata, ita ta durƙusa. Ta goge haƙorin tas, ta jera auduga a gefe da gefe, domin babban abokin gabarta miyau ne, in ya taɓa wurin aikin ya lalace. Sannan ta kwaɓa garin da ɗigon ruwansa a kan 'yar takarda da sauri, ta shafa, ta danna da yatsarta mai safar hannu, tana ƙirge a ranta. Matsalar da ba mu hango ba ita ce ta ƙadangaru. 'Yan aji ɗaya da biyu yawancinsu suna famfara, kuma kowannensu ya san in ƙadangare ya ga wawulonka haƙori ba zai fito ba. Ga katangar makaranta cike da su. Yaran suka toshe bakuna da hannu biyu. Ni na fara faɗa, ina cewa camfi ne. Ita kuwa sai ta tashi ta ɗauki tsintsiya, ta bi katangar nan tana korar ƙadangaru ɗaya bayan ɗaya, tana yi musu kashedi da sunan hukuma. Daga ranar, ba ta fara aiki sai ta yi wannan sintiri, yaran kuma suna rige-rigen kwanciya.

Yanzu ga laifin nawa. 'Yata ta fari tana aji biyu a wannan makarantar. Sunanta Amina. Rubutawa na yi, ban faɗa ba, domin a gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Haka aka rene ni, ni ma 'yar fari ce, ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba, kuma ban taɓa shakkar tana sona ba. Ni nake tsara layin yaran. Haɗin kuma kaɗan ne, in ta buɗe kwalba ɗaya iyakar inda ta kai ke nan. Alhamis ta farko na ga Amina ta ruga gaba tana murna, domin ta san Rahila tun tana goye. Na ce, “Ke, koma baya.” Ta koma ƙarshe, haɗi ya ƙare kafin a zo kanta. Alhamis ta biyu ma haka.

A ta uku Rahila ta gane. Ta rage ɗan na mutum ɗaya a gindin kwalba, ta ɗaga kai ta ce, “Amina, zo nan.” Malamai biyu suna tsaye, ga wata uwa da ta rako 'yarta tana kallo. Wata irin kunya ta rufe ni, kamar an kama ni ina ɗebar wa kaina nama a tukunyar biki. Kafin yarinyar ta ƙaraso na jawo 'yar matar nan na kwantar a cinyata. Rahila ta dube ni, ta dubi haɗin da ya fara daskarewa a takarda, ba ta da zaɓi, ta yi wa wadda ke gabanta. Da muka keɓe ta ce, “Malama, kunyarki taki ce, haƙorin kuwa nata ne. Ki kawo mini ita gida ranar Asabar, zan nemo wani.” Na ce to.

Ban kai ta ba. Zan iya cewa hidima ce ta yi yawa, amma ƙarya ne. A gida ɗaya muke da surukata, kuma na kasa tunanin yadda zan ɗauki 'yar fari, in sa mata kaya, in ce za mu Sabon Gari saboda haƙorin da ba ya ciwo. Na san irin kallon da za a yi mini, da irin maganar da za ta zagaya dangi. Na ce a raina ai Rahila tamu ce, ko yaushe za a yi. Asabar ta bi Asabar, kwalaben asibiti suka ƙare, ba a sake kawowa ba sai bayan kusan shekara biyu. Ranar da suka iso, ita da kanta ta zo gidanmu da akwatinta, ba ta ko zauna ba ta ce yarinyar ta buɗe baki. Ta daɗe tana dubawa. Na sama biyu da na ƙasa ɗaya ta liƙe su nan take. Na ƙasa na hagu kuwa ya riga ya yi rami, ta ce wannan sai ciko. Aka yi cikon, bayan wani lokaci ya fita, yarinyar ba ta faɗa mini ba, domin ba ta saba kawo mini kukanta ba. Ni na koya mata hakan.

Tana da shekara goma sha biyu aka cire shi, kuma Rahila ce ta cire. Ina tsaye a gefen kujera. Da aka kawo allura, Amina ta miƙa hannu tana neman abin riƙewa. Ina dab da ita, amma gefen farar rigar Rahila ta damƙa. Na daɗe ina jiran ranar da ƙawata za ta ce ai na gaya miki, na ma shirya amsoshina. Ba ta ce ba. Ta wanke hannu, ta rubuta magani, ta ce, “Wannan ba ya sake fitowa, Malama.” Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ranar da kuma bayanta. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Mun ƙara shekara biyar muna tare. Ta zo sunan autana, na je bikin ƙanwarta har ƙauyensu. Da ciwon ƙoda ya kwantar da ita, ina zuwa duba ta bayan an tashi daga makaranta. Zuwana na ƙarshe na tafi da niyyar in ce mata ita ce da gaskiya, ni na cuci yarinyar. Na same ta ta rame, amma bakin yana nan. Ta ce turarena ya riga ni shigowa, ta tambayi yaran ajina, ta sa na yi mata alkawarin zan rage sukari a shayi. Muka yi ta dariya har na ga bai dace in ɓata zaman ba. Na ce sai wani zuwan. Bayan kwana huɗu mijinta ya aiko cewa ta cika.

Sau da yawa in na ratsa Sabon Gari a adaidaita sahu nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Ga asibitocin haƙori masu zaman kansu da gilasai da na'urar sanyaya ɗaki, ga kujeru masu tashi da kwanciya da kansu. Na san za ta shafa su tana santi, ita da ta yi aiki a durƙushe a kan siminti. Amma na san kuma za ta tsaya a ƙofar kowace firamare ta ga teburan alawa da cingam da lemon roba kala-kala, ta riƙe ƙugu. Za ta ga 'yan mata suna sa waya a haƙori don gayu kawai, ana neman mai sa haƙori fari fat kamar alli, alhali na ƙuryar da ake tauna da shi babu mai leƙa shi. Za ta tambaya ko akwai wanda yake bin makarantu da akwati yanzu. Ni dai a unguwarmu ban gani ba. Kuma har gobe, in ka ce wa uba ya kai yaro wurin masu haƙori, tambayar farko ita ce, ciwo yake yi?

Abin da ya sa na ɗauki biro bana, ban ɗauka bara ko bara waccan ba, shi ne jikana Sadik, ɗan Amina na fari, wanda nake kira maigidana. Ya shiga shekara ta bakwai. Kwanaki suka zo mini wuni, yana shan rake yana yi mini surutu, sai na hango farin abu can ƙuryar bakinsa. Na kama haɓarsa na juya shi wajen haske. Ya fito, sabo ful, da tsagoginsa. Na ce wa uwarsa gobe ta kai shi a liƙe masa. Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi, ta ce, “Umma, ke ma kin san ba zan iya ɗaukarsa a gaban Hajiya in ce za mu asibiti ba, alhali lafiyarsa ƙalau. Sai dai ko in an kwana biyu.” Hajiya surukarta ce, gida ɗaya suke a Fagge. Raina ya ɓaci, na fara ɗaga murya, sai na ji ashe da kaina nake faɗa. Har yadda ta karkatar da wuya irin nawa ne.

Washegari da hantsi na sa mayafina na tafi gidan da kaina. Na gaida Hajiya, na ce na zo aron maigidana da uwarsa. Matar kirki ce, ta ce a dawo lafiya, ko tambayar inda za mu ba ta yi ba. Na tsaya ina mamakin ko tawa surukar ma da haka za ta ce, da na gwada. A asibitin muka sami wata matashiyar likita, ba ta fi sa'ar Amina ba. Irin nata haɗin ruwa-ruwa ne, ana haska masa wata shuɗiyar fitila ya daskare, ga bututu yana zuƙe miyau, aikin da Rahila take fama da shi da auduga. Sadik ya ga kayan ƙarfe ya tsorata, likitar ta ce wani ya zo ya riƙe masa hannu. Na yunƙura, domin aikina ne na shekaru. Sai na koma na zauna, na ce, “Uwarsa za ta riƙe.” Amina ta dube ni kamar ba ta ji daidai ba. Ta tashi a hankali, ta riƙe hannun, can kuma na ga ɗaya hannun nata ya hau kansa yana shafawa.

A hanyar dawowa, muna cikin cunkoso, yaron ya lafe a jikinta yana lasar haƙoransa da harshe. Ba tare da ta kalle ni ba ta ce, “Umma, lokacin da kike mayar da ni ƙarshen layi, na ɗauka don ba na ƙoƙari a aji ne. Shi ya sa na dage har na riƙa zuwa na ɗaya.” Da murmushi ta faɗa, kamar labarin wata. Shekara ashirin da biyu tana ɗauke da wannan, ni kuma duk tsawon lokacin ina zaton haƙori ɗaya kawai na jawo mata asara. Na yi kuka a cikin adaidaita, a tsakiyar titi, mai tuƙi yana leƙe ta madubi. Na gaya mata babu yaron da ya kai ta a wurina a duk layin nan, kunya ce ta hana ni, kuma kunyar ba ta kai abin da ta ci ba. Na ce ta yafe mini. Ta ce, “Haba Umma,” ta kau da kai, ita ma tana share ido.

Ban ce a zubar da kara ba. A cikinta na girma, kuma na san kyawunta, ita take hana uwa fifita nata a kan na wasu. Amma akwai wurin da ya kamata ta tsaya, kuma Rahila ta nuna mini wurin da yatsa, na ƙi gani.

In aka tambaye ni me ta bari, ba ni da gini ko allo mai sunanta da zan nuna. Aikinta irin wanda in ya yi kyau ba a sanin an yi shi ne, domin babu mai tuna ciwon da bai yi ba. Yaran barandar nan yanzu magidanta ne da matan aure, wasu suna jan adaidaita, wasu suna auna yadi a kasuwa. Nakan gamu da su su durƙusa su gaishe ni, su tuna bulalata, wasu su tuna matar da take korar ƙadangaru, amma da wuya a sami wanda ya riƙe sunanta. Suna tauna ƙashi da goriba da haƙoran da ta durƙusa a kansu. Addininta daban, nawa daban, hisabi kuma na Allah ne. Ni shaida kawai nake bayarwa, cewa ta so 'ya'yan mutane, kuma ta so 'yata a fili a lokacin da ni na kasa.

Ina kewarta sosai. Ina kewar wadda za ta faɗa mini gaskiya sau ɗaya, sannan ta yi shiru ta bar ni da ita ba tare da ta guje ni ba. Da ana aika saƙo inda take, ba dogo zan aika ba. Zan ce, Rahila, ke ce da gaskiya. An liƙe na Sadik duka huɗun, kuma uwarsa ce ta riƙe shi.